TUBABBEN DA YA ƘARA GISHIRI A LABARINSA BAI GAMA TUBA BA

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon Allah (S), Malam ya bayyana wa 'yan'uwa matasa cewa jawabinsa na wannan dare zai tsaya ne a kan waɗanda Allah Ya tsamo daga shaye-shaye, suke ba da labarin abin da suka shiga domin a wa'aztu. Ya ce aiki ne mai kyau, amma yana da sharaɗi guda, shi ne gaskiya.

Malam ya kawo misali da wani marubuci ɗan Amurka mai suna James Frey, wanda a 2003 ya fitar da littafi mai suna A Million Little Pieces, yana cewa tarihin rayuwarsa ne a cikin giya da ƙwaya da yadda ya rabu da su. A 2005 shahararriyar mai shirin talabijin ɗin nan, Oprah Winfrey, ta yabi littafin a gaban masu kallonta, aka saye miliyoyin kwafi. Sai ga shi a watan Janairun 2006 masu bincike sun bi kundin 'yan sanda da na kotu, suka gano cewa kwana 87 da ya ce ya yi a kurkuku ƙarya ne, 'yan awoyi kawai aka tsare shi. Daga bisani ya amsa da bakinsa a cikin shirin matar cewa ya ƙirƙiri wasu sassan, har ta kai kamfanin ɗab'in ya yarda ya mayar wa waɗanda suka nema kuɗinsu.

Malam ya ja hankalin 'yan'uwa da cewa mutumin nan fa da gaske ya yi shaye-shaye, da gaske kuma ya kwanta a gidan magani. To me ya kai shi ƙari? Son a ce masa gwarzo. Ya ce wannan cuta tana nan a tsakaninmu: yaro ya bar kodin ko tiramol, in an ba shi lasifika sai kwalba biyu ta koma goma, ya zama shi ne ƙasurgumin unguwa, kuma wai dare ɗaya ya daina ba da taimakon kowa ba.

Ya ce ɓarnar wannan iri biyu ce. Na farko, mai sauraro da ke cikin ramin zai ce ai ni ban kai can ba, sai ya ci gaba da abinsa. Na biyu, in ya gwada dainawa dare ɗaya ya kasa, sai ya yanke ƙauna, alhali da an gaya masa gaskiya ya san cewa ana faɗuwa a tashi, kuma ana neman likita da abokan kirki. Ran da asiri ya tonu kuwa, har tubabbun gaskiya za a daina saurara.

Daga nan Malam ya koma kan Ka'abu bn Malik (RA), wanda bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan Hijira. Mutum tamanin da wani abu suka kawo uzuri da rantsuwa, shi kuwa ya ce ba shi da uzuri. Aka ƙaurace masa kwana 50 tare da Murara bn Rabi'i da Hilal bn Umayya, har sarkin Gassan ya aiko masa da wasiƙa yana zawarcinsa, ya jefa ta a tanderu. Sannan Allah Ya saukar da karɓar tubarsu a Suratut Tauba. Malam ya ce Ka'abu da kansa ya ruwaito ƙissar, bai wanke kansa ba, bai kuma kambama laifinsa ba, shi ya sa har yau take sa mutane kuka.

A ƙarshe ya shawarci duk tubabbe da ya suturta abin da Allah Ya suturta masa, ba dole ne ya tona komai ba. Amma in zai yi magana don a amfana, to ya faɗi abin da ya faru daidai, har da lokutan da ya koma da mutanen da suka riƙe hannunsa. Ya rufe da addu'ar Allah Ya shiryi matasanmu, Ya sanya mu cikin masu gaskiya.