AMSAR TAMBAYOYINKU: Shin Ana Koya Wa Ɗaliban Gini Gyaran Tsohon Gini?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi, kuma mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau. Ya ce ɗansa ya yi shekara 3 yana koyon gini a kwalejin fasaha, amma da bangon sitonsa ya tsage, ruwa ya ɓata masa buhunan masara, yaron ya tsaya yana kallo, sai wani tsohon magini ne ya gyara. Yana tambaya, shin ba a koya masu gyara ba ne, ko kuwa kuɗinsa ya yi asara?

To Malam, Allah Ya mayar da alheri. Ba ka yi asara ba, amma ƙorafinka yana kan hanya.

Ana koya masu. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke tsara abin da ake koyarwa a kwalejojin kimiyya da fasaha, kuma darasin kula da gini yana ciki. Ɗaliban kwalejin fasaha irin ɗanka, hukumar NABTEB ce ke yi masu jarrabawa. Akwai kuma shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta fara a 1973, inda ake tura ɗaliban manyan makarantu su yi aiki da hannunsu.

To ina gizo ke saƙar? Yawancin aikin hannun a kan sabon gini yake: haƙa fandisho, jera bulo, ɗaura linta. Shi kuwa gyara kamar aikin likita ne, sai ka gano cutar kafin ka ba da magani. Wanda bai taɓa tsayawa gaban bango mai ciwo ba, allo kaɗai ba zai nuna masa ba. Maginanmu na gargajiya kuwa da gyara yaro ke farawa. Kafin kowace damina yana bin ubangidansa yaɓe, da gyaran indararo, da shafa makuba, yana ganin inda ruwa ke cin gini.

Ga abin da za ka gwada ɗanka da shi. Na ɗaya, tsaga iri-iri ce. Siririya kamar gashi, galibi ta filasta ce kawai. Amma wadda ta tafi a karkace, tana bin layin bulo kamar matakala, sau da yawa daga fandisho take, musamman a ƙasar laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani. A liƙa ɗan siminti a kan tsagar, a rubuta kwanan wata. In ya sake tsagewa, ginin yana motsi, toshewa ba za ta yi magani ba, a nemi ƙwararre.

Na biyu, in gindin bango yana yin fari-fari kamar kanwa, fenti na ɓarewa, danshi ne ke hawowa daga ƙasa. A duba inda ruwan kwano ke zuba, a yi masa hanya nesa da gini. Buhuna kuma a ɗora su kan katako, kada su jingina da bango.

Na uku, bangon ƙasa ba ya son filastar siminti. Ba sa kama juna sosai, danshi yana maƙalewa a tsakani, wata rana sai ta ɓallo gaba ɗaya.

Shawararmu, ka haɗa yaron da wannan tsohon maginin, ya bi shi ko da damina biyu ne. Yana da lissafi da karatun zane, tsoho yana da ido. Su kuma malamai, ga azuzuwa nan masu yoyo a makarantunsu, a sa ɗalibai su gyara, a ba su maki a kai.

Nan za mu dakata. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a huta lafiya.