Tabon Ruwa a Gilashin Mota: Jawabi ga Ɗalibai 'Yan Gwandu da Kalgo



Maganar da muka kawo muku yau ƙarama ce a ido, wato farin tabon nan da ruwa ke bari a gilashin mota bayan wanki, wanda sabulu ba ya fitarwa, guga kuma ba ta raba shi da gilashi. Wani zai ce ina ruwan ɗan jami'a da aikin 'yan wankin mota? To, dukkanmu motar haya muke shiga, kuma ranmu yana rataye ne da abin da direba ya iya hangowa. Gwandu tana gabas da Birnin Kebbi, saboda haka direban da ya taso daga can da la'asar sakaliya rana yake fuskanta. Haske in ya faɗa kan gilashi mai tabo sai ya watsu, hanya ta koma kamar hazo. Haka abin yake da dare tsakanin Kalgo da Birnin Kebbi in fitilun wata mota suka doso. A cikin wannan ɗan lokaci ne ake kasa ganin amalanke, ko ɗan kabu-kabu, ko yaro mai kora dabbobi.

Abin da ya kamata mu fara ganewa shi ne, wannan tabo ba dauɗa ba ce irin wadda muka sani, dutse ne. Ruwan da ya ratsa ƙasa yakan narkar da sinadaran kalsiyam da magnesiyam ya taho da su. In aka watsa shi a gilashi, rana ta shanye ruwan, sai sinadaran su daskare su zama alli. Shi ne dai farin ɓawon da muke gani a gindin butar shayi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ƙasarmu, kafin mai wanki ya zagayo wancan gefen mota, wannan gefen ya riga ya bushe.

Ƙasarmu ma tana da hannu a ciki. Masana duwatsu sun raɗa wa wani shimfiɗin yashi da laka na kwarin Sakkwato sunan Gwandu, kuma yana cikin mafi albarkar ruwa a yankin. A ƙarƙashinsa akwai shimfiɗin farar ƙasa mai sunan Kalambaina, irin wadda ake haƙa a yi siminti da ita kusa da Sakkwato. Ruwan da ya kwanta a farar ƙasa shi ya fi ɗauko alli. Dalili ke nan da rijiya ta bambanta da rijiya, burtsatse ta bambanta da burtsatse. Gwajin ba wuya: ruwan da sabulu ke wahalar yin kumfa a cikinsa, shi ne mai barin tabo.

Tun da dutse ne, me ke cinsa? Tsami. Alli in ya gamu da tsami sai ya narke, ya saki iskar kabon. Ke nan maganin yana kasuwarmu: lemun tsami, ko ruwan khal wanda ake kira finiga. Ga yadda ake yi. A kai mota inuwa, a bari gilashi ya huce. A kwarara masa ruwa ƙura ta sauka tukuna. A gauraya khal da ruwa daidai wa daida, ko a matse lemun tsami a tace. A jiƙa tsumma mai laushi, a shimfiɗa kan tabon na minti uku zuwa biyar, kada a bari ya bushe. Sannan a goga a hankali, a ɗauraye sosai har da fenti da robar da ruwan ya taɓa, a tsane nan take da busasshen ƙyalle. In tabon ya tsufa a maimaita. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma abubuwan da muke roƙo a guje musu. Na farko, goge gilashi a bushe lokacin hunturu. Ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi. A ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, dutsen yashi yana mataki na 7, gilashi kuwa wajen 5 da rabi. Wanda ya murza ƙura da tsumma, kartar gilashinsa yake yi. Na biyu, toka da kanwa da garin sabulun wanki: ba su da tsami, ba sa narkar da alli, sai ma su bar nasu saura. Na uku, ruwan asid na batir, wanda ke ƙona fata, ya ci fenti, ya makantar da ido. Garin neman gira kada a rasa ido.

In an yi duk wannan tabon bai gushe ba, to ya riga ya ci jikin gilashin, sai masu injin gogewa, ko kuwa a sauya shi. Rigakafi ya fi araha: a yi wanki da sassafe ko da yamma, a tsane kafin rana ta tsane, a zuba ruwan sama da aka tace a tankin ruwan waifa, a kuma sauya robar waifa in ta mutu.

'Yan'uwa, tun 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke Kalgo, ga kuma ta jiha a Aliero. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ke kwance a Gwandu, ya ƙare rayuwarsa yana rubutu da karantarwa domin ilmi ya amfani jama'a. Ilmin sinadaran da muke karantawa bai kamata ya tsaya a takardar jarrabawa ba. Muna ba da shawara ƙungiyarmu ta ware yini guda a hutu mai zuwa, mu je tashoshin motar Gwandu da Kalgo, mu gaida shugabannin direbobi, mu nemi izini, mu gwada wannan aiki a kan mota ɗaya a gaban yaran wanki. Mu je da ladabi, domin sun fi mu sanin hanya da mota, abin da muke kai musu dalilin tabon ne kawai da maganinsa.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.