Ƙarar da Ba Ta Sami Alƙali Ba: Jami'ar Nairobi da Wasan Kamiriithu



Kowace jami'a tana da dokokin da suka shimfiɗa hanyar kai kuka. Malami ko ɗalibi, in an yi masa abin da bai yarda da shi ba, yakan fara da shugaban sashe, daga nan tsangaya, sa'an nan Majalisar Malamai ko Majalisar Gudanarwa, har ya dangana da Uban Jami'a. A takarda dai tsani ne mai kyau. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne amfanin tsanin idan wanda ake ƙara shi ne zaune a bisa matakin ƙarshe. Daga ƙasar Kenya aka ɗauko misalin, kuma wasan kwaikwayo ne mafarinsa.

A 1952 Turawan mulki suka buɗe Babban Ɗakin Wasanni na Ƙasa a Nairobi, watau a shekarar da suka kafa dokar ta-ɓaci don murƙushe 'yan Mau Mau. Kenya ta sami mulkin kai a 1963, amma ragamar ɗakin ta ci gaba da zama a hannun Turawa, wasannin Ingila da Amurka kuma su suka cika shi. Jami'a kuwa tana nan dab da shi. A 1976 malamai biyu na Sashen Adabi, Ngugi wa Thiong'o da Micere Mugo, suka rubuta wasa a kan shari'ar Dedan Kimathi, madugun Mau Mau da Turawa suka rataye a 1957. An zaɓi wannan wasa da wani na Francis Imbuga su wakilci Kenya a bikin FESTAC na Legas a 1977, amma da ƙyar da jiɓin goshi hukumar ɗakin ta ba su kwana 8 su biyu, don a nuna wa mutanen gida tukuna.

Ngugi ba baƙon rigima da hukuma ba ne. A 1969, da Gwamnati ta hana Oginga Odinga yin lacca a kwalejin, ɗalibai suka ƙaurace wa aji, aka rufe makaranta, shi kuma ya ajiye aiki don ganin hukumar kwalejin ta kasa tsaya wa ɗalibanta. Daga baya ya komo, har ya shugabanci sashen.

Bayan abin da ya faru a ɗakin wasanni, sai ya mai da hankali ga Kamiriithu, wani ƙauye kusa da Limuru. Manoma da ma'aikatan masana'antu na wurin suka gina dandalin wasa a fili da hannunsu, mai ɗaukar mutum kamar 2,000. Shi da Ngugi wa Mirii suka tsara wasa da harshen Kikuyu, Ngaahika Ndeenda, watau zan yi aure sa'ad da na ga dama. Labarin wani talaka ne da ya rasa ɗan filinsa a hannun masu kuɗi da banki. A bainar jama'a ake gwaji, tsofaffin da suka ga zamanin ta-ɓaci suna gyara wa malaman jami'a kalma da waƙa da rawa. Abin lura shi ne, Ngugi ya daɗe yana sukar masu mulki cikin littattafansa na Turanci ba wanda ya taɓa shi, sai da magana ta koma harshen da mai tsinkar ganyen shayi yake ji. An fara nuna wasan ran 2 ga Oktoba 1977, aka janye lasinsa ran 16 ga Nuwamba, ran 31 ga Disamba kuma aka kama Ngugi aka kai shi kurkukun Kamiti.

Ba a kai shi kotu ba. Da dokar tsaron jama'a aka tsare shi, wanda ya sa hannu a takardar kuwa shi ne Mataimakin Shugaban Ƙasa, Daniel arap Moi, wanda yake riƙe da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Tsarin mulki ya tanadi wani kwamiti a ƙarƙashin alƙali mai duba batun tsararru kowane wata 6, sai dai shawara kurum yake bayarwa, Gwamnati ba tilas ta bi ba.

Shugaba Kenyatta ya rasu a watan Agusta 1978, Moi ya gaje shi, a Disamba kuma ya saki tsararrun siyasa. A nan ne ƙarar jami'a ta soma. Ngugi ya nemi komawa aikinsa, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Babu kotun da ta same shi da laifi, babu kwamitin ladabtarwa da ya zauna a kansa, saboda haka babu hukuncin da zai ɗauka ya ce ga inda aka yi kuskure. Ma'aikatan Gwamnati sun san bambancin nan: wanda aka ba takardar tuhuma yana da abin amsawa, wanda aka yi wa shiru kuwa sai ya yi ta rubuta wasiƙa. To, ko da ya hau tsanin, wa zai tarar a sama? Dokar da ta kafa Jami'ar Nairobi a 1970 ta sa Shugaban Ƙasa shi ne Uban Jami'a, shi yake naɗa Shugaban Jami'a. Ke nan mai yanke maganar ƙarshe shi ne mutumin da ya sa hannu aka tsare mai ƙara.

Da hanyar cikin gida ta toshe, sai ƙungiyoyi suka ɗauki maganar. A watan Oktoba 1979 ɗalibai suka fita zanga-zanga a kan hana Odinga da waɗansu tsayawa zaɓe, cikin bukatunsu har da mai da Ngugi bakin aiki. Aka kori shugabanninsu, aka soke ƙungiyarsu. Ƙungiyar malamai ita ma ta matsa a kan batun, a 1980 Moi ya haramta ta, tare da ƙungiyar ma'aikatan Gwamnati. Watau an bar kuka yana nan, an kawar da masu kai shi.

Mutanen Kamiriithu ba su saduda ba. Suka shirya sabon wasa, Maitu Njugira, wanda za a fara a Babban Ɗakin Wasanni ran 19 ga Fabrairu 1982. Lasin bai fito ba, ba a kuma ce an hana ba, sai kawai suka tarar da ƙofa a kulle. Suka koma wani ɗakin lacca na jami'a da sunan gwaji, tun da gwaji ba ya bukatar lasin, dubban mutane suka yi ta tururuwa suna kallo. Ran 25 ga Fabrairu hukumar jami'a ta rufe musu ɗakin. Wannan shi ne abin da ya fi wuyar karewa, domin a nan jami'ar ce da kanta ta ƙarasa wa Gwamnati aiki. Ran 12 ga Maris 'yan sanda da bindigogi suka rushe dandalin Kamiriithu.

Sauran shekarar ta tafi da kame-kame. An tsare malamai da dama, cikinsu har da Al-Amin Mazrui, marubucin wasan Kilio cha Haki, da Willy Mutunga, malamin shari'a kuma tsohon sakataren ƙungiyar malamai. Micere Mugo da Ngugi wa Mirii suka bar ƙasar, Ngugi wa Thiong'o yana London ya fasa komawa. Bayan yunƙurin juyin mulki na ran 1 ga Agusta aka rufe jami'ar fiye da shekara guda.

Sai a 2003, bayan Moi ya sauka, aka yi wa ƙungiyar malamai rajista, Shugaba Kibaki kuma ya bar kujerar Uban Jami'a ya naɗa waɗansu. Mutunga ya zama Alƙalin Alƙalan Kenya a 2011. A 2022 aka nuna Ngaahika Ndeenda a Babban Ɗakin Wasanni na Ƙasa. Ngugi kuwa a jami'o'in Amurka ya ƙarasa koyarwa, can ya rasu a watan Mayu 2025, bai koma kujerarsa ta Nairobi ba.