Binciken Ilmi da Kuɗin Gwamnati: Wa Ke da Iko da Sakamako?



Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tambayarmu a yau ita ce, shin manazarcin da Gwamnati ta ba kuɗi ya binciko halin da makarantu ke ciki, wajibi ne ya kawo mata sakamakon da take so? Mu dai mun ce a'a. Kuɗin nan harajin talakawa ne, saboda haka askin nasu ne, watau a gaya musu gaskiya komai ɗacinta.

Mun ga abin da ke faruwa in siyasa ta shiga lissafi. Ƙidayar jama'a ta 1973 ta jawo gardama tsakanin jihohi, har Gwamnatin Janar Murtala ta soke ta a 1975. Da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta a 1976, sai aka dogara da hasashe. An tanadi wurin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, kimanin miliyan 3 suka bayyana. Ajujuwa suka cika maƙil, aka ɗauki malaman da ba su gama horo ba.

Yaya za a tsare bincike daga irin wannan? Amurka ta gwada hanyar doka. A 2002 ta kafa cibiyar binciken ilmi ta ƙasa, ta hana cusa ra'ayin jam'iyya cikin aikinta, ta kuma ba shugabanta wa'adin shekara 6 don ya zarce wa'adin Shugaban Ƙasa na shekara 4. Duk da haka, a watan Fabrairu na 2025 sabuwar Gwamnati ta soke kwangilolin cibiyar na kusan dala miliyan 900. Ashe wanda bai iya murɗa sakamako ba yana iya toshe bakin aljihu.

Don haka muke kira ga hukumomin da ke ba da kuɗin bincike a Nijeriya, irin su TETFund, da su riƙe sharuɗɗa uku. Masana ne za su zaɓi aikin da ya cancanta. A ware kuɗinsa gaba ɗaya tun farko. Sa'an nan a buga rahoto a ranar da aka ajiye, ko ya yi wa Minista daɗi ko bai yi ba.

Mu kuma da za mu gaji wannan aiki gobe, lalle mu saba tun yanzu da rubuta abin da muka gano kaɗai. Allah ya taimake mu. Wassalam.