LAYIN WAYAR KANTI, NA WANE NE?

Jawabin da aka karanta a babban taron ƙungiya a Matameye



Dattawanmu, iyayenmu, malamai, da ƴan'uwanmu da suka taso daga Damagaram da Kano da Legas da sauran wuraren neman abinci, muna yi muku barka da zuwa, Allah ya saka da alheri. Shugabannin ƙungiya sun ɗora mana nauyin yin bayani a kan wayar hannu da masu kanti da masu sana'a ke ciniki da ita, musamman kiran nan da ake yi ta intanet. Latsa waya dai yara sun fi mu iyawa. Tambayar da muka kawo gabanku ita ce: layin da ake cinikin da shi, da sunan wa aka yanke shi?

Manya sun san yadda aka taso. Da, in mutum yana da abokin ciniki a Kano, sai ya nemi mai rubuta masa wasiƙa, ko ya ɗauki maganarsa a kaset ya ba direba, ya zauna jiran amsa mako guda ko fiye. A 2001 wayar salula ta shigo Nijar. Wata masaniyar tattalin arziki ta Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006, ta samu cewa inda waya ta iso, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili kuwa a fili yake, ɗan kasuwa ya daina loda mota a kan jita-jita.

Amma mu mutanen bakin iyaka sai da wata matsala ta rage mana. Kiran Yamai, mai nisan yini guda cur a mota, kiran gida ne, amma kiran Daura da ke nan bayan Ɗan Barto kiran ƙasar waje ne, sai an sa 234 a gaba, kuɗi na tafiya kowane minti. Kiran intanet ne ya warware wannan, tun da WhatsApp ya fito da kiran murya a 2015. Waya takan yanyanka muryar mutum ƙanana ƙanana, ta tura ta hanyar da hoto da rubutu ke bi, can kuma ɗaya wayar ta sake harhaɗa ta. Mega ɗin da ka saya kawai ake ci, wanda bai kai ɗaya ba a minti, ko Kance kake kira ko Tamanrasat. Ga kuma saƙon murya, wanda kaset ɗin nan ne ya dawo da sabuwar riga, har wanda bai yi boko ba yana aika odar kaya da bakinsa. Mai rake yana nuna wa dillali hoton kayansa tun suna gona. Wannan alheri ne, babu mai musu.

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. A hankali kantin gaba ɗaya ya koma cikin waya: lambobin masu kawo kaya, alkawarin da aka yi da baki, hoton rasit, da wanda ake bi bashi. Kowa a nan ya san irin labarin da za mu faɗa, ba sai mun kama suna ba. Ɗa yana Aljeriya ko Libiya, ya aiko wa tsohonsa babbar waya. Tsoho ya miƙa wa yaron kanti ya ce a haɗa. Yaro ya je ya yanki layi da katin shaidarsa, ya buɗe WhatsApp, ya sa lambar sirrin da shi kaɗai ya sani. Shekara biyu ana ciniki lafiya. Ran nan yaro ya tashi tasa tafiyar, ko aka ɓata, ya zare layinsa ya sa aljihu. Mutanen Kano da Maraɗi ba su san an rabu ba, lambar da suka sani ita suke kira. Alhaji yana zaune da kaya a kanti, abokan cinikinsa na shekara ashirin suna hannun wani. In ya je ofishin kamfani, Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, sunan da ke rajista shi za su duba, furfura ba ta shaida a wurin. Sau da yawa ma yaron ba mugu ba ne, tun farko ne ba a raba nasa da na kanti ba.

Saboda haka muna roƙon kowane mai sana'a ya tashi da kansa, da katinsa, ya yanki layin ciniki da sunansa, wayar kuma ta kwana a kanti ko a hannun maigida kamar yadda makulli ke kwana. Yaro ya riƙe ya yi aiki da ita, amma ya yi nasa layin daban don abokansa. Masu riƙe layin Najeriya kuma su tuna abin da ya faru: a Disamba 2020 hukumar can ta ce a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, a Afrilu 2022 aka hana waɗanda ba a haɗa ba yin kira. Layin aro da sunan wani, duk ranar da aka rufe shi, ba ka da bakin magana.

Sai maganar ɓarayi, don su ma sun bar tsallaka katanga. Wani zai kira da murya mai daɗi, ya ce daga kamfani yake, ko daga masu raba taimako, ya ce an turo maka lamba shida, karanto masa. Waɗannan lambobi shida su ne makullin WhatsApp ɗinka. Kana karantawa ya ɗauke shi zuwa wayarsa, ya shiga bin ƴan'uwanka da abokan cinikinka da sunanka da hotonka, yana cewa an shiga matsala a turo kuɗi. Kada a karanta wa kowa, ko wane ne. A cikin WhatsApp ɗin akwai wurin da ake ƙara wata lambar sirri ta biyu, a sa ta, a rubuta a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun gona. In saƙon neman kuɗi ya zo, ko da sunan ɗanka ne, a kira shi ta layin da aka saba, a tambaye shi abin da sai ɗan gida ya sani. Haka nan hoton rasit da aka turo ba kuɗi ba ne, yaro mai wayo yana gyara shi cikin minti kaɗan. Kada kaya su fita sai an ga kuɗin a Nita ko Amana ko Al Izza, ko a asusun wayarka da idonka.

Mu kuma tuna hanyar nan ba tamu ba ce. A Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aka rufe iyaka, cajin waya ya zama abin nema. A Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke wajen gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Skype ma, da aka riƙa kiran intanet da shi tun 2003, masu shi sun rufe shi a Mayu 2025. Don haka littafin bashi bai tsufa ba. Duk abin da aka ƙulla da murya a waya, a sauke shi a littafi kafin a rufe kanti, da boko ko da ajami, tare da lambobin manyan abokan ciniki. Mai hali ya sayi ƙaramin faifan sola, ya riƙe layi biyu na kamfani daban daban.

Ku kuma ƴan'uwanmu masu tafiya cin rani, layin da aka jefa a akwati aka daɗe ba a taɓa ba, kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani, WhatsApp ma yakan share asusun da ya yi kwana 120 ba a buɗe ba. Wanda ya gaji lambar shi zai riƙa samun kiran masu binka da waɗanda kake bi. In za ku tafi, ku bar layin gida wurin wanda zai riƙa sa masa kati. In kuma za ku aiko wa tsofaffi waya, ku haɗo da kuɗin motar da za su je su yi rajista da kansu.

Samarin ƙungiya sun yarda za su zauna bayan sallar la'asar ranar kasuwa mai zuwa, duk dattijon da ke son a duba masa sunan da ke kan layinsa ya zo da wayarsa da katin shaidarsa. Lambar sirri kuwa shi zai latsa da hannunsa, samarin za su kau da kai.