Jawabin Taron Disamba: Yadda Za Mu Adana Talotalon Biki

Mun kai ƙarshen zagayen adashenmu na bana, an buɗe akwati, kowacce ta karɓi rabonta. Na ji wasu sun haɗu su huɗu-huɗu za su sayi talotalo na Kirsimeti, wasu kuma sun yi kiwo za su sayar. Shi ya sa yau maganarmu a kan talotalo take. Tsuntsu ne mai tsada, kuɗin da muka yi watanni muna zubawa ne za su shiga cikinsa. In ya lalace, asara biyu ce: an rasa nama, kuma kuɗin makarantar Janairu ya tafi asibiti.

In ma kun manta komai, ku riƙe wannan: talotalo mai rai ba ya ruɓewa. Daga lokacin da wuƙa ta taɓa wuyansa ne agogo yake fara tafiya. Don haka a fara tsayar da ranar da za a ci, sannan a ƙirga baya a sa ranar yanka.

Sayen tsuntsu

Ko a kasuwar Sabo za ki saya, ko Television, ko kasuwar Monday ta Kakuri, ki saya da rai, kwana uku ko huɗu kafin biki, tun farashi bai ƙarasa hawa ba. Ki duba idonsa a buɗe yake garau, hanci babu majina, yana tsaye da ƙafafunsa. Wanda ya takure ya saki fukafukai, ko kansa ya kumbura, ki bar shi komai araharsa. Araha ba ta ado. Manyanmu za su tuna cewa a watan Fabrairun 2006, a wata gona da ke Jaji, nan jiharmu, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai kisa a nahiyar Afirka. Tsuntsun da ya mutu da kansa kuwa, ba a fige shi, ba a ci, a haƙa rami a binne.

In kin kawo shi gida, ki ɗaure a inuwa, nesa da wurin girki da wurin wasan yara, ki ba shi dusa ko tsaki da ruwa. Daren da za a wayi gari a yanka, ki janye abincin ki bar masa ruwa kawai. Hanjinsa zai ragu, ba zai yi saurin fashewa ya ɓata naman ba.

Ranar yanka

In ranar 25 za a ci, a yanka ranar 24, ko da asubar 25 ɗin. Kada sanyin hunturu ya ruɗe mu. Da safe ne ake rawar ɗari, amma da rana Kaduna takan kai digiri 30. Ƙwayoyin cuta kuwa sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Kun ga ɗakin girkinmu yana tsakiyar wurin da suke so ke nan.

Da zarar an fige, a cire kayan ciki nan take. Ƙundu da hanta a ware su a kwano daban, a dafa su a ranar. A yayyanka naman gunduwa-gunduwa, don ƙananan yanka sun fi saurin ɗaukar sanyi. Daga yanka zuwa tukunya ko firij, kada a wuce awa biyu. Ku da kuka haɗa kuɗi, kowacce ta zo da robarta mai murfi, a raba a wurin, ta wuce gida kai tsaye. Lokacin da kika ɓata a cikin keke a cunkoson Sabo, ko wajen tela kina jiran ɗinkin yara, duk yana cikin awa biyun nan.

Na san ba mai dafa naman da aka yanka a gida ba ta wanke ba. To a wanke a cikin baho, a hankali, nesa da kwanuka da kayan salak, a zubar da ruwan a magudana. Sannan a wanke hannu, wuƙa, katako da bahon da sabulu. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama, in ta je kan kabeji da karas ba a wanke ba, cutar ta samu hanya, domin salak ba ya shiga wuta.

Firij da ɗauke wuta

Ɗanyen talotalo yana yin kwana ɗaya zuwa biyu a firij mai sanyi sosai, bai wuce haka ba. A sa shi a roba mai murfi a can ƙasa, don kada jininsa ya ɗiga kan wani abinci. In za a wuce kwana biyu, sai firiza. Mama, in firizarki ta sana'a ce, dan Allah kada nama ya hau kan zobo da kunun aya da za a sayar wa mutane.

To in aka ɗauke wuta fa? Firij da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa huɗu. Firiza da take cike, nama ya daskare, tana kai kwana biyu. In rabi ce, kwana ɗaya. A hana yara buɗe-buɗe. In awa huɗun ta kusa cika wuta ba ta dawo ba, kada a zauna jira. Ko a zuba naman a leda a ɗaure, a sa a kula da ƙanƙara sama da ƙasa, ana sabunta ta kafin ta narke, ko kuma a ɗora tukunya.

Wadda ba ta da firij, hanyar iyayenmu tana nan: a tafasa da gishiri da kayan ƙamshi har ya nuna ciki da waje, a tsane, a soya ya bushe sosai. Rabin dahuwa da niyyar a ƙarasa gobe, wannan ya fi komai haɗari. Ki tsaga cinya har ƙashi. In akwai ja ko ruwan jini, bai yi ba. Romon shi ya fi saurin lalacewa, a yi miya ko shinkafa da shi a ranar. Washegari kuma kafin a ci, a ɗumama naman har ya yi zafi can ciki, ba a sha masa wuta sama-sama ba.

Mai sayen daskararren talotalo a shago ta duba ledar. In jini ya taru a ƙasa ya daskare, alama ce ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi. A narkar da shi a firij, ko a cikin ruwan sanyi ana canzawa duk rabin awa, ba a shanya a rana ba.

Hanci ba likita ba ne

Sau da yawa mukan shinshina mu ce ai bai yi wari ba. Ƙwayar Salmonela ba ta canza ƙamshi ko launin nama. Lemon tsami da barkono ba sa kashe ta, wuta ce take kashe ta. Kuma tana iya ɗaukar awa shida zuwa kwana shida kafin ciwon ciki, zazzaɓi da gudawa su bayyana, har a ɗora wa wani abu laifi. Ƙananan yara, masu juna biyu da tsofaffi su ta fi kayarwa. In ta faru, a fara ba da ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In akwai jini a bayan gida, ko yaro ya ƙi shan komai, sai asibiti ba tare da jinkiri ba.

Kafin mu tashi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane rukuni ya zauna yanzu ya tsayar da abu huɗu, sakatariya ta rubuta: ranar saye, ranar yanka da wanda zai yanka, wadda take da firiza ko kula, da kuɗin ƙanƙara da kowacce za ta bayar. Masu niyyar aika wa maƙwabta Musulmi abinci, ku tuna da hakan wajen zaɓen mai yanka. 'Yan uwanmu masu jiran Sallah, ku adana wannan shafin, domin dokar naman rago ma kusan ɗaya ce.

Allah Ya kai mu bikin lafiya, mu dawo a Janairu cikakku mu buɗe sabon zagaye. Mai tambaya ta ɗaga hannu.