Haƙƙin Dabbobi a Ɗakin Binciken Magunguna



Da wuya a sami maganin asibiti wanda ba a fara jarraba shi a jikin dabba ba. A shekarar 1921, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, Banting da Best suka yi ta gwaji a kan karnuka har suka samo insulin, maganin da masu ciwon sukari ke rayuwa da shi har yau. Amfanin kam ba shi musantuwa. Amma dabbar da ke cikin keji tana jin zafi da tsoro, ba ta kuwa da bakin kai ƙara. Saboda haka amana ce a hannun mai bincike.

A shekarar 1959 wasu masana biyu na Ingila, watau Russell da Burch, suka shimfiɗa sharuɗɗa uku. Na farko, in akwai wata hanya, a ƙyale dabbar. Na biyu, in ya zama tilas, a taƙaita yawan dabbobin. Na uku, a sauƙaƙa musu wahala ta wajen ba su maganin sa barci da na kashe zafi, da abinci, da wurin kwana mai tsabta.

Wasu na tsammanin waɗannan sharuɗɗa dabaibayi ne ga ilmi. Tarihin bushiya, annobar da ta sha cinye garkunan Fulani, ya nuna ba haka ba ne. A dā sai an sa wa awaki ƙwayar cutar, a yanka su, sa'an nan a haɗa rigakafi da saifarsu. Wannan allura takan kwantar da wasu shanun, har ta kashe. Wajen 1960 Walter Plowright, a Muguga ta ƙasar Kenya, ya raini ƙwayar cikin ƙwayoyin ƙodar maraƙi a kwalba. Awaki suka huta, rigakafin kuma ya fi na dā aminci. Da taimakonsa aka kai ga bayyana ƙarewar bushiya a duniya a 2011.

Daɗin daɗawa, dabbar da ta galabaita jikinta kan canza, sai gwajin ya ba da amsar da ba ta inganta ba, a yi hasarar rai da dukiya.

Don haka wajibi ne ɗalibi ya kai tsarin bincikensa gaban kwamiti kafin ya taɓa ko ɓera ɗaya. Ma'aikacin da ke sa hannu a fitar da kuɗin bincike kuwa, lalle ne ya nemi ganin takardar amincewar kwamitin tukuna.